Men in Black 3: Wa ya kamata ya mutu a 1969?

A watan Mayun 2012 aka saki fim ɗin Men in Black 3, shekara 10 bayan kashi na biyu, shekara 15 bayan na farko. Akasarin waɗanda suka je kallo dariya suka je nema: Will Smith da bakinsa da ba ya shiru, Tommy Lee Jones da fuskarsa da ba ta san fara'a ba, baƙaƙen kwat, baƙin tabarau, da 'yar sandar nan mai walƙiya wadda in aka haska maka ita sai ka manta abin da idonka ya gani. Dariya kam an sha ta. Sai dai mintocin ƙarshe sun bar gardamar da har yau masu kallo ba su gama ba. Tarihi nawa aka nuna mana? Me ya sa mutum ɗaya tak ya tuna abin da duk duniya ta manta? Kuma shin J, wato Will Smith a fim ɗin, ceton abokin aikinsa kawai ya yi, ko da ran wani aka biya? Wanda bai kalla ba ya sani zan fasa ƙwai, don ba yadda za a yi bayanin nan ba tare da an taɓa ƙarshen labarin ba.

Ga wanda bai san gidan ba, Men in Black ƙirƙirarriyar hukuma ce ta sirri mai hedikwata a New York, aikinta sa ido kan halittun wasu duniyoyi da suka saje cikin mutane. Tushen labarin littafin zane ne na Lowell Cunningham da ya fito a 1990, kuma Barry Sonnenfeld ne ya ba da umarni a finafinan uku na farko. Duk wanda ya shiga aikin hukumar ya yi sallama da sunansa da danginsa, harafi ɗaya ake bar masa. K, wanda Tommy Lee Jones ya fito a matsayinsa, tsohon hannu ne. J kuwa ɗan sandan New York ne mai suna James Darrell Edwards III, wanda K ya ɗauko da hannunsa a fim ɗin 1997. A riƙe wannan, don a kansa kashi na uku ya rataya gaba ɗaya.

Fim ɗin ya buɗe a wani kurkuku da aka gina a duniyar wata. Wata mata ta kawo wa wani fursuna kek, ashe a cikin kek ɗin an ɓoye wata 'yar halitta mai kama da gizo-gizo wadda mazauninta tafin hannun fursunan ne, ita ke harba masa ƙayoyi masu kisa. Fursunan shi ne Boris, wanda ake wa laƙabi da Dabba, laƙabin da ya tsana. Shi kaɗai ya rage daga ƙabilar Boglodite, masu bin duniyoyi ɗaya bayan ɗaya suna cinye su. Hannunsa ɗaya ne, kuma ya shafe sama da shekara 40 a ɗaure yana ƙullace da wanda ya cire masa ɗayan.

Tarihi na farko ke nan, wanda J ya tashi a cikinsa. A ranar 16 ga Yulin 1969, a gaɓar tekun Florida inda aka harba kumbon Apollo 11, K ya harbe hannun Boris, ya kama shi da rai, ya kuma maƙala wata 'yar na'ura mai suna ArcNet a jikin rokar. Da ta isa sama sai ta buɗe ta zama garkuwa kewaye da duniya. 'Yan Boglodite suka rasa hanyar shigowa, suka ƙare. J bai san komai game da wannan rana ba. Da ya nemi fayil ɗin a ofis, aka ce ya fi ƙarfin matsayinsa, bayan shekara 14 yana aiki kafaɗa da kafaɗa da K. A daren nan K ya buga masa waya, da alama akwai maganar da ke cin ransa, ya yi ta kewaye-kewaye, J ya ji haushi ya kashe wayar. K ya ɗauko bindiga ya zauna a kujera yana jiran abin da zai zo. A kan idonmu ya ɓace, shi da ɗakin nasa yadda yake.

Abin da ya faru shi ne Boris ya koma 1969 ya kashe K. Tarihi na biyu ya danne na farko. J ya je ƙofar gidan K ya tarar da wata mata da 'yar jaririyarta, ba su taɓa jin sunan K ba, kuma kafin ya ankara ya karɓe madara mai cakulan da ke hannun yarinyar ya kwankwaɗe. A ofis an ba shi wani abokin aiki daban. O, shugabar hukumar, wadda Emma Thompson ta fito a matsayinta, ta nuna masa mutum-mutumin tunawa da K, ta ce ya rasu sama da shekara 40 da suka wuce. Kwaɗayin madara mai cakulan ɗin nan, in ji ta, alama ce ta mutumin da lokaci ya tsage a kansa. Tun da babu K babu garkuwa, sai ga jiragen Boglodite sun rufe sararin samaniya.

Hanyar komawa baya a fim ɗin ba ta da wata alaƙa da kimiyya, kuma bai yi da'awar tana da ita ba. Wani mai shagon kayan lantarki, Jeffrey Price, ya ba J 'yar na'ura, ya kai shi ƙololuwar ginin Chrysler mai tsawon mita 319, ya ce ya faɗo. Sai gudun faɗuwar ya kai wani mizani, dab da ƙasa, sannan zai katse wani siririn haske da yatsa. J ya faɗo yana ratsa zamunna, ya sauka a ranar 15 ga Yulin 1969, saura kwana ɗaya a kashe K.

To me kimiyya ta ce? Tafiya zuwa gaba tabbatacciya ce. Tun a 1905 da 1915 Albert Einstein ya nuna cewa lokaci ba ya tafiya bai ɗaya ga kowa: gudu yana rage masa sauri, ƙarfin jan ƙasa ma haka. A 1971 wasu masana biyu, Hafele da Keating, suka ɗora agogon atom masu tsananin daidaito a jiragen fasinja suka zaga duniya, da suka dawo agogon sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya faɗa. Taurarin ɗan'adam na GPS da wayarka ke dogara da su, agogonsu na wuce namu da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum, kuma da ba a gyara wannan da taswirar waya ta zama shirme. Tunanin mutum ya farka ya tarar zamani ya wuce shi ba baƙo ba ne gare mu, mu da muka tashi da ƙissar Ashabul Kahfi da shekara 309 ɗinsu, ko da yake wannan mu'ujiza ce, ba lissafin Einstein ba. Komawa baya ce matsalar. Da na sani ƙeya ce, kuma duk finafinan irin wannan a kan burin juyo da ƙeyar nan gaba aka gina su.

A 1949 masanin lissafi Kurt Gödel ya gano cewa lissafin Einstein bai haramta wata irin duniya da hanya ke iya zagayowa ta dawo jiya ba. Sai dai nan take tambaya ta taso: in ka koma ka hana kakanka auren kakarka, ba a haife ka ba, to wa ya koma ya hana? Masana sun ba da amsoshi mabambanta. Igor Novikov na Rasha ya ce ko ka koma ba abin da za ka iya canzawa, duk abin da ka yi a can dama yana cikin tarihin tun asali. Wasu suka jingina da ra'ayin Hugh Everett na 1957 cewa duniya na rarrabuwa rassa-rassa, don haka wanda ya koma baya sabon reshe ya buɗe, tsohon na nan yadda yake. Stephen Hawking kuwa a 1992 ya ce da alama dokokin halitta da kansu sun toshe ƙofar. A 2009 har liyafa ya shirya wa matafiya daga gaba a Cambridge, bai aika katin gayyata ba sai bayan an tashi. Ba wanda ya zo.

Yawancin finafinai ɗaya suke zaɓa daga cikin waɗannan su riƙe. Men in Black 3 ya kwaso duka, kuma daga nan ruɗanin masu kallo ya samo asali. Ɓacewar K daga kujerarsa na nufin tarihi ɗaya ne kuma ana iya goge shi a sake rubutawa. Ƙarshen fim ɗin, kamar yadda za mu gani, ya karkata ga Novikov: abin da ya faru dama ya faru. Sannan a tsakiya ga Griffin, wanda shi rassan Everett yake gani ƙuru-ƙuru.

Griffin ya cancanci a tsaya a kansa, don a ganina shi ne mafi kyawun abin da marubuci Etan Cohen ya ƙirƙiro, kuma Michael Stuhlbarg ya taka shi da wani irin taushin hali mai shiga rai. Shi ma shi kaɗai ya rage daga ƙabilarsa, 'yan Boglodite suka cinye duniyarsu, shi ne ke riƙe da ArcNet. Yana ganin duk abin da zai iya faruwa a lokaci guda, sai dai bai san a wanne reshe yake tsaye ba sai abin ya auku. Shi ya sa maganarsa kullum "sai dai in wannan ne wanda…" take farawa. J da K na ƙuruciya, wanda J ya tarar a 1969, suka same shi a filin wasa na Shea, babu kowa a ciki, yana ta murna shi kaɗai. Ya dafa su, sai ga filin ya cika maƙil: yana nuna musu wasan da ba za a buga ba sai watan Oktoba. Wannan wasa na gaske ne. Ƙungiyar besbol ta New York Mets, wadda aka kafa a 1962 ta sha kashi sau 120 a kakarta ta farko, ita ce ta doke Baltimore Orioles ta ɗauki kofin 1969, abin da Amurkawa suka kira mu'ujiza. Griffin ya yi ta lissafa ƙananan abubuwan da sai da suka haɗu kafin hakan ta yiwu, har da ɗan aibun da ke jikin fatar ƙwallon tun daga majema. Wannan shi ne abin da masanin yanayi Edward Lorenz ya gano a shekarun 1960, cewa ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba a farko yana iya juya sakamako gaba ɗaya a ƙarshe.

Amma Griffin ɗin nan da ke cewa komai na iya canzawa, shi ne ya kafa doka ɗaya da ba ta canzawa: inda mutuwa ta faɗa, dole a yi mutuwa. Wannan ce ƙa'idar fim ɗin ta gaskiya, ba ta Novikov ba, ba ta Everett ba. Kamar littafin bashi na mai kanti ne: ana iya soke sunan wanda zai biya a rubuta na wani, amma adadin na nan ba ya goguwa. Wanda ya riƙe wannan zai ga cewa rikicin da ke saman labarin bai taɓa gindinsa ba.

Ga yadda aka biya. Ba yadda za a kai ArcNet sama a 1969 sai a jikin Apollo 11, rokar Saturn V mai tsawon kusan mita 110 da ta ɗauki Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins. Tashin kumbon nan ya girgiza duniya, har mu nan sai da Mamman Shata ya yi masa waƙa. J da K da Griffin suka isa wurin, sojoji suka kama su, wani Kanar baƙar fata, wanda Mike Colter ya fito a matsayinsa, ya zo yana zare musu ido. J ya faɗi gaskiya, ba a yarda ba. Sai Griffin ya kama hannun Kanar ya nuna masa abin da ke tafe. Ba a nuna mana abin da ya gani ba, fuskarsa kawai muka gani ta sauya, ya sallami sojojinsa ya raka su da kansa. Griffin ya ja J gefe ya ce da zarar an cire hannun Boris abubuwa za su koma yadda suke, sai J ya yi tsallensa ya koma gida. Sannan ya ce shi zai tafi, don ba ya iya jure kallon abin da ke biye.

A saman hasumiyar harba rokar aka gwabza da Boris biyu, tsohon da ya dawo daga 2012 da saurayin 1969. J ya bari tsohon ya harbe shi da ƙayoyi yana haddace ta inda suke zuwa, ya rungume shi suka faɗo, ya koma baya da 'yan daƙiƙu, ya kauce musu ɗaya bayan ɗaya. K ya harbe hannun saurayin, ya maƙala na'urar. Wutar roka ta ƙone tsohon Boris. Kanar ya fito da K bakin teku, K ya yi masa tayin aiki a hukumarsu, Kanar ya ce da zai iya da ya so. Bai rufe baki ba saurayin Boris ya faso ƙofa, Kanar ya tare ƙayar da aka auna wa K. Boris ya ce wa K to ya kama shi mana. K ya ce ba wannan karon ba, ya harbe shi har lahira.

Sai wani ɗan yaro ya fito daga mota yana kiran babansa. Ya ce sunansa James. Ya ciro agogon aljihu da babansa ya ba shi yana nuna wa K. J, wanda bai bi shawarar Griffin ya tafi ba, yana laɓe a nesa, ya sa hannu a aljihu ya ciro agogo iri ɗaya. K ya durƙusa ya ce wa yaron babansa ya tafi wani muhimmin aiki ne. Yaron ya ce yaushe zai dawo? K ya buɗe baki ya kasa. Ya ciro sandar mantuwa ya haska masa, ya ce abu ɗaya zai riƙe, babansa jarumi ne. Ya kama hannunsa suka bi bakin ruwa.

Yanzu amsar tambayar me ya sa J kaɗai ya tuna ta fito. Tun a saman ginin Chrysler, da Jeffrey ya ji J na tuna K, ya zabura ya ce ai wannan na nufin yana wurin lokacin da abin ya faru. J bai gane ba, mu ma ba mu gane ba, don a tunaninmu me zai kai shi Florida a 1969? Ashe yana wurin, yana yaro a cikin mota. Dokar ƙirƙira ce, amma an shuka ta da wuri an kuma girbe ta a ƙarshe, kuma wannan shi ne aikin marubuci.

Akwai ramukan da ba su ciku ba, gaskiya ce. In K ya mutu a 1969, wa ya ɗauki J aiki a 1997 har muka gan shi da kwat a tarihi na biyu? In an kashe saurayin Boris, babu tsohon da zai tsere daga kurkuku a 2012, babu dalilin da zai sa J ya faɗo daga bene. Matsalar kakan nan ce ta dawo da wata riga. Ra'ayin rassa zai iya toshe wannan, amma in rassa ne to K bai kamata ya ɓace daga kujera ba. Waɗannan ba su dame ni sosai ba. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: a tarihi na farko, tun kafin kowa ya taɓa lokaci, Kanar ya mutu?

Duk alamu sun nuna ya mutu. J ya tashi babu uba. Tun a farkon fim ya faɗa wa K cewa wasan jifan ƙwallo da yara ke yi da iyayensu shi da bango yake yi, don uban ba ya nan, K ya kwaɓe shi ya ce kada ya zagi mahaifinsa. Ga agogon. Ga fayil ɗin da aka kulle. Ga kuma K na 1969, mai murmushi, mai hira, mai soyayya da O, wanda J ya dube shi cikin mamaki ya ce me ya same ka ne haka, shi kuma ya amsa cewa bai sani ba, abin bai faru ba tukuna. Abin da bai faru ba tukuna shi ne bakin tekun nan. A tarihi na farko K ya ga mutum ya mutu dominsa, ya bi doka ya kama makashin da rai, ya goge tunanin maraya, daga ranar bakinsa ya mutu.

In haka ne, sai a dubi tarihi na biyu da kyau. A can ƙayar Boris K ta samu. Bisa dokar Griffin an biya bashin, don haka ba abin da ya wajabta mutuwar Kanar. Fim ɗin bai furta ba, amma lissafinsa ya kai nan: mai yiwuwa ne a duniyar da J ya tsallake ya baro, mahaifinsa ya rayu ya ga girmansa, shi kuwa yana ɗauke da tunanin tsohon tarihi bai ma san ya nema ba. Da ya faɗo daga ginin Chrysler, uban da ya haife shi ya bayar a madadin ubangidan da ya raine shi a aiki, kuma bai san cinikin da yake yi ba. Ba zaɓi ne na son rai ba, don in ba garkuwa duniya duka za ta tafi, har da uban. Kanar ne kaɗai ya yi zaɓi ido buɗe. Ya ga abin da Griffin ya nuna masa, ya san ɗansa na cikin mota, ya ci gaba da tafiya.

Kasancewar Kanar baƙar fata ba ƙaramin abu ba ne, kuma fim ɗin ya san haka. Kafin J ya yi tsalle Jeffrey ya gargaɗe shi cewa 1969 ba zamani ne mai daɗi ga mutanensa ba. Isarsa ke da wuya 'yan sanda biyu farare suka tare shi a cikin wata tsaleliyar mota suna tambayar sana'ar da yake yi har ya mallake ta. Ya haska musu sanda ya yi musu wa'azi cewa ganin baƙar fata a mota mai tsada ba ya nufin sato ta ya yi, sannan ya amsa cewa wannan dai ya sato ta, amma ba don yana baƙi ba. An yi dariya, amma bayan dariyar akwai tarihi. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wariyar launin fata a Amurka, shekararta biyar kacal a lokacin. An harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a watan Afrilun 1968. Kuma a ranar 15 ga Yulin 1969, ranar da J ya sauka a fim, a zahiri magajin King, Ralph Abernathy, ya jagoranci talakawa da alfadarai da amalanke zuwa ƙofar filin harba kumbon, ya tsaya gaban shugaban NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, Thomas Paine, yana tambayar yadda ƙasar da ke da kuɗin zuwa wata ta kasa ciyar da mayunwatanta. Baƙar fatar Amurka bai shiga sararin samaniya ba sai 1983, wato Guion Bluford. A cikin wannan yanayi fim ɗin ya ɗora ceton duniya a wuyan wani soja baƙar fata, wanda ba za a rubuta sunansa a ko'ina ba, shaidarsa ɗaya daga jininsa kuma an goge masa tunani. Hollywood ta daɗe da ɗabi'ar kashe baƙar fata don farin jarumi ya rayu, kuma wanda ya ga ƙurar wannan ɗabi'a a nan bai yi ƙarya ba. Abin da ya rage mata kaifi shi ne labarin na ɗan Kanar ne, ta idonsa muke kallo, shi ne ke ɗaukar zafin.

Sai tambayar da ta shafi fim na farko: ashe K don tausayi ya ɗauki J aiki? Ban yarda ba. A 1997 mun ga J ya bi wata halitta da gudu a ƙafa har saman gidan tarihi na Guggenheim, abin da ya ba K mamaki. Mun gan shi a ɗakin jarrabawa cikin zaratan sojoji, kowa na fama da takarda a cinya, shi kaɗai ya jawo tebur. Cancantarsa a fili take. Abin da kashi na uku ya ƙara shi ne dalilin da ya sa idon K ke kansa tun farko. Riƙon amana ne: ya bi yaron daga nesa shekara 28, da ya ga ya isa sai ya buɗe masa ƙofar da ya taɓa buɗe wa ubansa uban bai samu shiga ba.

Duk wannan da ya rushe in da ba a samu wanda zai zama K na ƙuruciya ba. Josh Brolin, yana da shekara 43 ya fito a ɗan shekara 29, har fim ɗin ya yi raha da hakan. Ya ɗauko muryar Tommy Lee Jones ta mutanen Texas, da yadda yake datse magana, da yadda yake kallon mutum ba ƙiftawa, har wasu suka zaci an ɗora masa murya ne. Amma gwanintar ba a kwaikwayon take ba. Brolin ya bar 'yar ƙofa a buɗe a fuskar, ɗan murmushi da bai gama mutuwa ba, don mu ga abin da za a rasa. Rick Baker, wanda ya ci kyautar Oscar da ƙera halittun fim na farko, shi ma ya yi dabara: halittun 1969 ya yi su irin na finafinan wancan zamani, masu ƙaton kai da hular gilashi. Bill Hader kuma ya fito a matsayin mai zane Andy Warhol, wanda a fim ɗin jami'in hukumar ne da ya gaji da ɓad-da-kama.

Abin mamaki, fim mai ƙarshe a ɗaure haka an fara ɗaukarsa ne a Nuwamban 2010 ba a gama rubuta labarin ba, wani ɓangare saboda kada rangwamen harajin New York ya wuce su. Aka ɗauki kashin farko, aka tsaya watanni ana gyaran rubutu, aka dawo a Afrilun 2011. An kashe sama da dala miliyan 200, ya kuma tara sama da miliyan 600, fiye da kowane fim a jerin. Sonnenfeld ya ce Will Smith ne ya kawo shawarar komawa baya tun suna ɗaukar kashi na biyu. Ina zargin wasu ramukan da na ambata daga wannan gaggawa suka fito.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne teburin cin abinci na ƙarshe. J ya dawo 2012 ya tarar da K zaune, 'yan Boglodite sun ƙare tun tuni. Ya ajiye agogon, ya yi godiya a taƙaice, K ya ce shi ne ya samu alfarma. Griffin na gefe yana fargabar kada K ya manta bai bar wa mai hidima tukwici ba, don a wannan reshen wani dutse daga sama zai faɗo wa duniya. K ya dawo ya ajiye, dutsen ya daki tauraron ɗan'adam. An tashi cikin raha. Haska wa yaro sanda a bakin teku, gawar ubansa na kwance kusa, wannan zan iya yi wa K uzuri, saurayi ne da abu ya fi ƙarfinsa. Amma J ya girma, ya shiga hukumar da ta san duk sirrin, ya zauna a mota ɗaya da K shekara 14, yana faɗa da bakinsa cewa ubansa bai tsaya masa ba, kuma iyakar abin da K ya iya ce masa shi ne kada ya zagi mahaifinsa. Maraya yana da haƙƙin sanin cewa ba gudunsa aka yi ba. Griffin da kansa ya faɗa a fim ɗin cewa gaskiya mai ɗaci ta fi ƙarya mai zaƙi, amma aka bar wannan a kan J kaɗai, ba a taɓa juya ta kan K ba. Da an ba J ko minti ɗaya ya tambaye shi me ya hana shi magana, da godiyar ta fi nauyi. Ba a ba shi ba, kuma da Men in Black: International ya fito a 2019 da Chris Hemsworth da Tessa Thompson, babu J babu K a cikin labarin, don haka ba a sake komawa kan maganar ba.